Kunyar Ƴar Fari a Gaban Alƙali

Ni mutum ce mai son jin ƙwaƙwaf. Tun ina ƙarama a Dumega, da zarar manya sun rage murya kunnena ke miƙewa, kuma ranƙwashin da na sha a kan laɓewa bayan danga ya fi wanda na sha a kan duk sauran laifuffukana. Yayata da nake bi ba haka take ba. Ita in ka ba ta magana ta ajiye, kai kanka sai ka yi da gaske kafin ka karɓe ta. Innarmu takan ce bakin mu biyu ni kaɗai aka ba.

Yaya ta yi aure da hankalinta, ga wanda ta zaɓa da kanta, wani Ba'adare mai shagon kayan gyaran babur a Dogon Dutsi. Mutumin kirki ne, ba zan ɓata shi ba don abin ya lalace daga baya. Yana cikin ƴan kasuwar nan masu ɗage wando da tsayawa a kan sunna, waɗanda in ka yi abu sai sun tambaye ka a wane littafi ka gan shi. Allah ya ba su ɗiya mace guda, daga ita bai ƙara musu ba.

A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in an tambaye ta lafiyarsa sai ta kau da kai kamar ba da ita ake ba. Mata da yawa yanzu sun sassauta, wasu ma sun yar da abin gaba ɗaya. Yaya kuwa ta riƙe shi yadda Inna ta riƙe shi a kanta, don ita ma ƴar fari ce, kuma har Inna ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan Yaya a bakinta ba. To haka yarinyar ta tashi. A bakin uwarta ita "ke" ce, ko "waccan", ko "mutuniyarki" in da ni ake magana. Da aka yaye ta Inna ta tafi da ita Dumega ta yi shekara biyu, ta dawo tana kiran uwarta Yaya, don haka ta ji ina kiranta. Babu wanda ya gyara mata.

Mijin kaɗai abin ke damu. Na sha jin sa yana cewa, "Wagga kunya taku ba ta cikin addini. Na yanka rago na raɗa ma yarinya suna don a riƙa kiranta da shi, ba don a ɓoye ba." Yaya sai ta yi murmushi ta ci gaba da tankaɗenta. Ni a lokacin ina bayansa, har zuga shi nake yi.

Auren ya mutu a shekara ta takwas. Har yau ban san abin da ya kashe shi ba, kuma Allah ya sani na tambaya. Na tambayi Yaya, na tambayi maƙwabciyarsu, na tambayi mai kawo musu ruwa, babu wanda ya ba ni abin kamawa. Ta gama idda, ta taho wurina a garin Ɗan Kassari inda nake koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, da akwatin ƙarfe guda da yarinyar. Na sa yarinyar a lakwal ɗinmu, Yaya ta kafa kaskon ƙosai a ƙofar gida. Muka yi wajen shekara guda lafiya lau. Uban yakan zo a kan babur, ya kawo mata takalma da biskit, ya zaunar da ita a kan tanki ya zaga gari da ita tana ƙyalƙyata dariya.

Da ta cika shekara bakwai ya aiko cewa lokaci ya yi, zai zo ya ɗauki ɗiyarsa. Kawunmu na Dumega, wanda ya tsaya mana a matsayin uba, ya kira a waya ya ce a ba shi. Yaya ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba. Ta dai daina cin abinci, ƙosanta ya fara ƙonewa a kasko tana zaune tana kallonsa. Ni ce na buɗe baki na ce wa ɗan aiken babu inda yarinyar za ta je, na ƙara da wasu maganganun da ba sai na maimaita su a nan ba. Bayan sati uku takardar kira ta zo daga kotun Dogon Dutsi. Bakina ne ya jawo ta, wannan ba na musunsa.

Da na ga takardar tsoro ya kama ni, amma abin kunya, bayan tsoron sai ga son sani ya biyo. Wai wace doka ce ma take riƙe da aurenmu? Na halarci ɗaurin aure ya fi a ƙirga, na ci goro da dabino, ban taɓa tambayar kaina haka ba.

Watanni kaɗan kafin wannan an tara mu malamai mata a Dogon Dutsi na kwana uku, abin da muke kira formasiyo. Wata mata masaniyar doka ta zo daga Yamai ta raba mana wani ɗan littafi mai shuɗin bango, na yarjejeniyar da ƙasashen duniya suka ƙulla cewa mace da namiji daidai suke a gaban doka, har a cikin aure. Ta ce ƙasarmu ta sa hannu, amma ta ware wasu wurare ta ce ban da waɗannan, kamar mai sayen kashin tumatir da ya yarda da kashin ya tsame waɗanda ba su yi masa ba. Na ɗaga hannu na tambaya su wa suka zauna suka yi tsamen. Na sake ɗagawa na tambaya ko da mace a cikinsu. A karo na huɗu matar ta yi dariya ta ce in bari sai an fita shan iska, da aka fita kuwa ta shige bayan gida ta daɗe.

Wannan littafin na lalubo a ƙasan jarrabawar yara. Na zauna da jan bik, wato biro, ina bin sa layi-layi, ina duba takardar da aka ba mu ta wuraren da aka tsame. Inda aka ce miji da mata daidai suke wajen zaman aure da rabuwarsa, an tsame. Inda aka ce mace tana da ikon zaɓar inda za ta zauna, an tsame. Sai na zo inda aka ce uwa da uba daidai suke a kan ƴaƴansu, kuma amfanin yaro shi ake sa wa gaba. Na duba, na sake dubawa, na goge tabarau na duba na uku. Wannan ba a tsame shi ba.

Da gudu na fita na sami Yaya tana wankin wake. Na karanta mata da Faransanci don ta ji nauyinsa, sannan na juya mata da Hausa. Ta saurara har na gama, ta tsiyaye ruwan, ta ce, "Su waɗanda sunka rubuta shi, sun san Kawu?"

Na ce ba su san shi ba. Ta ce to.

Ranar Asabar na shiga mota zuwa Dogon Dutsi wurin mahaifin wata abokiyar aikina, tsohon magatakardan kotu da ya yi ritaya. Na same shi a ƙofar gida ƙarƙashin itacen dogon yaro yana gyaran rediyo da tsinken ashana. Ya ji batuna, ya juya shuɗin littafina gaba da baya, ya ajiye shi a kan gwiwa.

Ya ce, "Ɗiyata, a ƙasag ga aure ƙofa biyu gare shi. Akwai na dokar da munka gada ga Nasara, wanda aka ɗaurawa a meri, ohishin magajin gari, masu yin shi kina iya ƙirga su. Akwai na al'ada, na liman da waliyyi da goro, shi na namu dut. Yayarki ta wace ƙofa tash shiga?"

Na ce ta goro.

Ya ce to alƙali da al'ada zai yi mata hukunci, shi ya sa yake zama da dattawa biyu a gefensa masu sanin al'adar mutane. Sai dai doka ta ce al'adar da za a bi kada ta taka yarjejeniyar da ƙasa ta sa wa hannu. Ya ɗan buga littafina da yatsa ya ce, "Wanga ba ƙarya ba na, amma shina zaune can sama, sai an miƙa hannu an ɗauko shi." Sannan ya faɗa mini abin da ya sa na kusa tashi tsaye: in al'adar miji da ta mata suka bambanta a kan maganar aure da saki da riƙon ƴaƴa, ta matar ake bi. Na sa shi ya maimaita. Mijin Ba'adare ne, mu Arawa ne, ke nan tamu za a bi. Na koma gida ina jin kamar na riga na ci shari'ar, har na sayo wa yarinyar rake a tasha.

Ban tsaya na tambayi kaina abin da al'adar tamu ta ce ba, sai da Kawu ya iso kwana ɗaya kafin zaman kotu. Na kai masa fura, na durƙusa, na ba shi albishir cewa da al'adarmu ta Arawa za a yi hukunci. Ya kurɓi furar ya goge gemu ya ce, "To ai an gama. Ɗa na ubanai na. Uwa ta yi goyo, ta yi yaye, in yaro ya yi wayo shi koma gidansu. Haka munka iske, haka anka yi ma uwayenmu." Na ce, "Kawu, ashe al'adar mace ma ta miji ce?" Ya dube ni ya ce tun ina ƙarama ya san lakwal za ta ƙara mini baki.

Ban haƙura ba. Kafin la'asar na yafa mayafi na je gidan limamin unguwarmu, na tsaya daga zaure na yi tambayata. Ya shiga ya fito da wani littafi da bangonsa ya cinye, ya karanta, ya fassara mini: ɗiya mace tana hannun uwarta har ta yi aure, matuƙar uwar ba ta auri wani ba kuma tana iya riƙon. Na ce, "Malam, kana da wannan a ɗaki shekara da shekaru, ana karɓe yara a garin nan kana gani?" Ya ce, "Ba a tambaye ni ba, Malama." Ya faɗe shi ba tare da jin komai ba, ya mayar da littafin cikin gafaka.

Na dawo da amsa uku a jaka: ta shuɗin littafi, ta Kawu, ta liman. Biyu suna wajenmu. A lissafina na malamar lakwal mun ci. Abu ɗaya tsohon magatakardan ya ja mini kunne a kai, wanda na ɗauka ƙarami ne. Ya ce kotu ba ta ba mutum abin da bai roƙa ba, kuma ba ni za a tambaya ba.

Don haka na zaunar da Yaya a ɗaki kamar ƴar aji ɗaya. Na ce ni ce alƙali, abin da za ta faɗa mini kawai shi ne, "Ina son ɗiyata, a bar mini ita." Kalma bakwai. Ta buɗe baki ta rufe. Ta ce, "Ina son..." sai ta kama dariya, ta rufe fuska da gefen zane. Na yi faɗa, na yi lallashi, na ce ta ɗauka bango take gaya wa. Can ta sauke zanen, na ga ashe dariyar ta daɗe da ƙarewa. Ta ce, "Gaban Kawu za ni hwaɗin haka? Gaban tsohi? Ke, Inna ta mutu ba ta hwaɗa min ba, kuma na san tana so na."

Da safe muka shiga mota mu huɗu, ni da Yaya da Kawu da yarinyar, da ƴar rigarta ta sallah da kitson da Yaya ta yi mata da daddare. Ɗakin da aka shigar da mu bai kai ajina girma ba. Alƙalin saurayi ne, da jin Hausarsa daga gabas ya fito. Dattawa biyu suna gefensa, ɗaya yana ta rubutu, ɗayan tsoho tukuf ya lumshe ido yana jan carbi, na ce a raina wannan barci ya zo yi. Ga magatakarda da babban kundi. Alƙali ya dubi yarinyar ya ce a fitar da ita, ba a irin wannan magana a gaban yaro. Aka zaunar da ita a kan benci a baranda, daidai ƙarƙashin taga.

Uban ya fara. Bai yi ƙarya ko ɗaya ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ya ce yana da gida, ga lakwal da makarantar Islamiyya kusa da shagonsa, ga mahaifiyarsa za ta kula da ita. Dattijon da ke rubutu ya kawo irin maganar da liman ya gaya mini, cewa littafi ya ba uwa riƙon ɗiya mace. Uban ya ce ya san wannan, kuma ba ya jayayya da littafi. "Amma littahi uwa mai son riƙo yab ba. Wagga baiwar Allah, shekara bakwai ban taɓa jin ta kira sunan yarinyag ga ba. Ban taɓa ganin ta ɗora ta bisa cinya ba. Yarinyar ma Yaya taka ce mata. Ku tambaye ta, ga ta nan. In ta ce tana so, ni na ji."

Alƙali ya juya ya ce, "Madam, kin ji. Kina son a bar miki yarinyar?"

Yaya ta sunkuyar da kai. Ina jin ƙarar fanka, ina jin masu kabu-kabu suna kiran fasinja a bakin titi. Ya sake tambaya. Ta ce, da muryar da sai ka kasa kunne, "Yadda kunka gani."

Ban san lokacin da na miƙe ba, da shuɗin littafi a hannu, na fara da Faransanci, ina kawo maganar uwa da uba daidai suke. Alƙali ya bar ni na kai ƙarshen jimla, sannan ya tambaye ni ko ni ce uwar. Na ce ƙanwar uwar ce. Ya ce ya san littafin, yana da irinsa a cikin durowa, kuma ya san kunyar ɗan fari don shi ma ɗan fari ne. "Amma magatakarda abin da aka faɗa yake rubutawa. In na rubuta ta ce yadda muka gani, gobe wani ya karanta, me zai ce ta roƙa? Zauna, Malama." Na zauna. Kawu ya yi gyaran murya irin ta na gaya miki.

A nan ne tsohon da na ɗauka barci yake ya buɗe ido. Bai dubi Yaya ba, carbinsa yake kallo. Ya ce, "Ɗiyata, ni ba ni tambayarki so. In anka ba ubanta ita yau, mi za ki hwaɗa ma kakarta, uwar ubanta, ta kiyaye?"

Yaya ta ce kada a ba yarinyar madarar gari, tana sa ta amai. Ta ce kunnenta na hagu yana ruwa in sanyi ya shigo, kada a bari ruwan wanka ya shiga, a toshe da auduga da man kaɗe. Ta ce ba ta cin miyar kuka sai an ce mata ta kuɓewa ce ta yi duhu. Tana tsoron agwagwa, amma ba za ta faɗa ba, sai dai a ga ta canja hanya. In ta yi shiru tana murza gefen riga to fitsari take ji, kada a jira ta tambaya. In za a yi mata kitso a fara daga dama, akwai tabo a ƙeya inda ta faɗo daga amalanke a Dumega, har yanzu wurin yana mata zafi. In zazzaɓi ya kama ta ba ta yarda a taɓa ta, sai dai a zauna kusa a juya mata baya, ita za ta matso da kanta. Ta yi ta zubo su, kanta a ƙasa, tana cewa ita, ita, ita. Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da yarinyar, nake kuma taƙama da sa ido, rabin abin nan ban san shi ba. Na dubi uban na ga shi ma bai sani ba.

Da ta tsaya, tsohon ya ce, "To." Ya mayar da idonsa ya rufe.

Alƙali ya ce, a hankali wannan karon, "Madam, duk mun ji. Saura kalma ɗaya da babu mai iya faɗa miki ita. Wace yarinya, kuma me kike roƙo?"

Yaya ta dubi Kawu. Kawu, Allah ya jiƙansa, ya ɗauki hularsa daga gwiwa ya ce shi zai fita ya ga ko an kira salla, alhali ko sha ɗaya ba ta yi ba. Da ƙofar ta rufu, Yaya ta juya fuskarta wajen bango, ta kira sunan. Cikakkensa ta kira, yadda aka raɗa shi ranar suna. A bakinta ya fito wani iri, kamar takalmin da ba a taɓa sawa ba. Ta ce, "Ɗiyata ta. A bar min ita." Magatakarda ya rubuta, ni kuwa na yi kuka a gaban mutane ban ji kunya ba.

Hukuncin bai ɗauki lokaci ba. Yarinya ta zauna wurin uwarta ta ci gaba da lakwal, hutu ta yi shi gidan ubanta, kuma ya zo ganinta duk ranar da ya so. Daga baya na kai wa tsohon magatakardan takardar don ya gaya mini da wanne aka yi hukuncin, da shuɗin littafina ko da na liman. Ya karanta ya ce an ambaci al'ada, an ambaci amfanin yarinya, sauran in je in tambayi alƙali. Na so in je, abokiyar aikina ta hana ni.

A bakin ƙofar kotu uban ya tsaya kusa da Yaya, ba da fushi ba. Ya ce, "Shekara bakwai ina roƙonki ki kira sunan nan cikin gidana." Ya tsuguna ya gyara wa ɗiyarsa ɗankwali, ya ce sai hutu, ya hau babur ya tafi. Ranar na ji tausayinsa ƙwarai, kuma har yanzu ina ji.

A mota Yaya ta zauna gaba, ni da yarinyar muna baya, an matse mu da buhun wake. Mun wuce duwatsu mun kama hanyar laterit mai jar ƙasa, yarinyar tana ta murza gefen riga har na tambaye ta ko fitsari ne. Ta girgiza kai. Ta jawo kunnena ta ce, "Tanti, ashe Yaya ta san sunana?"

Sai a lokacin na tuna da tagar. Na ce ta sani mana, tun kafin ke ki san shi. Ta yi ta kallon ƙeyar uwarta har muka iso.

Da yamma Yaya ta tuƙa tuwo, ta kwashe, ta ce yadda ta saba, "Ke, zo ki ɗauka." Yarinyar tana zaune a kan turmi, taku biyar tsakaninsu, ba ta motsa ba. Yaya ta sake cewa, "Ke, ba ki ji ba?" Ta ji sarai. Ta kafe uwarta da ido, hannayenta a kan gwiwa, tana jira. Yaya ta dubi ƙofar gida, ta dubi zaure inda Kawu yake, ta dubi katangar maƙwabta. Sannan ta dube ni.

Ta ce, "Ki je ki kai ma Kawu ruwa."

Kawu yana da ruwa, ni na kai masa da hannuna tun ɗazu. Na ɗauki moɗa na fita. Dangar da ta kewaye tsakar gidan tana nan, da ƴar kafar da na sani a cikinta, daidai tsayin kunnena. Na wuce ta ban laɓe ba, na shiga zaure, na zauna kusa da Kawu, na tambaye shi yadda gero ya yi a Dumega bana.